Gaba Da Gabanta: Rayuwar Felix d'Herelle, Wanda Ya Gano Ƙwayar Da Ke Cinye Ƙwayoyin Cuta

A tarihin likitanci ba a cika samun mutum irin Felix d'Herelle ba, wanda Faransawa ke furta sunansa Derel. Bai yi karatun likita ba, ba shi ma da digirin da ya zauna ya karanta a wata jami'a, amma shi ne ya nuna wa duniya cewa ƙwayoyin bakteriya, masu haddasa kwalara da atuni da taifot da ruɓewar rauni, su ma suna da tasu cutar da ke hallaka su. Ya raɗa wa wannan halitta suna, ya yi magani da ita a Turai da Afirka da Asiya, ya ga ɗaukaka, ya kuma ga yadda aka yi watsi da aikinsa tun yana raye. Yanzu, fiye da shekara 70 bayan mutuwarsa, likitoci sun koma suna kakkaɓe ƙurar littattafansa, domin magungunan da suka ture nasa sun fara gazawa.

An haife shi ranar 25 ga Afrilun 1873. An daɗe ana rubuta cewa a birnin Montreal na Kanada aka haife shi, sai daga baya wani likita Bafaranshe ya binciko takardar haihuwarsa a Paris. Karatunsa ya tsaya a sakandare. Daga nan sai yawon duniya: ya zaga Yammacin Turai a kan keke, ya leƙa Kudancin Amurka, ya je Turkiyya, inda ya haɗu da Marie Caire wadda ya aura. A 1897 ya koma Kanada da zama, ya keɓe ɗaki a gidansa ya mai da shi wurin gwaje-gwaje, yana koya wa kansa ilimin ƙananan halittu daga littattafai. A nan ne kuma ya zuba abin hannunsa a wata masana'antar cakulan tare da ɗan'uwansa, masana'antar ta durƙushe, jari ya karye. Wannan karaya ce ta kora shi Gwatamala a 1901, inda ya samu aikin binciken ƙwayoyin cuta a babban asibitin ƙasar, a lokacin da masu wannan sana'a ba su da yawa, balle a tsaya tambayar takardun shaida.

Aikin da ya fi ciyar da shi a waɗannan shekaru ba abin alfahari ba ne a wajenmu. Barasa ake sa shi ya sarrafa, daga ayaba a Gwatamala, sannan daga 1907 a yankin Yukatan na Meziko, daga tukar wani tsiro da ake igiya da zarensa. Sai dai a nan ya ƙware a kiwon ƙwayoyin da ido ba ya gani, ya san abin da suke ci, da zafin da suke so, da yadda ake tsare tulu kada baƙuwar ƙwaya ta faɗa ciki.

Fari ne suka karkatar da rayuwarsa. Duk manomin gero da dawa, daga Maiyama har Jega, ya san abin da ake nufi idan aka ce farin dango sun sauka, ko da a bakin kakansa ya ji labarin. A 1910 suka sauka a Yukatan, sai Derel ya lura wasunsu suna faɗuwa suna mutuwa da wata baƙar gudawa. Ya tsinci gawarwakin, ya ciro bakteriyar da ke cikin hanjinsu, ya yawaita ta, ya fesa a ganyen da lafiyayyun fari za su ci. Gwamnatin Ajantina ta gayyace shi ya gwada wannan dabara a 1912 da 1913, ya sake gwada ta a Tunisiya a 1915. Shi dai ya ce an yi nasara, jami'ai da dama kuma suka ce ba su ga haka ba, kuma dabarar ba ta ɗore ba. Amma ta bar masa wani tunani da bai rabu da shi ba har kabari, wato kowace annoba tana da annobar da za a tura mata. Ta kuma bar masa wata tambaya, domin daga baya ya ba da labarin cewa tun a farantan da yake kiwon bakteriyar fari ya riƙa ganin wasu 'yan ɗigo-ɗigo fayau, inda ƙwayoyin suka ƙi tsirowa, kamar an bi da tsinke an ƙwaƙule.

Tun 1911 ya tare a Paris, yana aiki a Cibiyar Pasteur ba tare da albashi ba. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, shi da matarsa da 'ya'yansa mata biyu suka duƙufa haɗa allurar rigakafi ta sojoji, har miliyoyi. A 1915 atuni, wato gudawar jini, ya ɓarke a cikin wata rundunar sojan doki a Maisons-Laffitte kusa da Paris, aka tura shi ya bincika. Da ya tace bayan gidan marasa lafiyar ya zuba a faranti, sai ga ɗigo-ɗigon nan sun sake bayyana.

Gwajin da ya biyo baya yana da sauƙin fahimta, kuma a nan basirar mutumin take. Ya zaɓi wani mai fama da atuni a asibitin cibiyar, kullum yana ɗibar bayan gidansa, ya dama, ya tace ta wani mataci na tangaran wanda ƙofofinsa suka yi ƙanƙantar da bakteriya ba ta iya wucewa. Ruwan da ya fito sai ya ɗiga shi a kwalbar romon da bakteriyar atuni ta cika har ya yi kauri kamar ruwan koko, ya ajiye a wuri mai ɗumi ya kwana. Kwana uku ba abin da ya sauya. A na huɗu ya tarar da romon ya washe garau, ba alamar ƙwaya ko ɗaya. Ya nufi ɗakin majinyacin, ya iske shi ma a daren ya fara samun sauƙi. Ɗigo guda daga wannan kwalba ya washe kwalba ta biyu, ɗigo daga ta biyu ya washe ta uku, haka har sau da dama, ƙarfin abin bai ragu ba. Guba ko sinadari da tuni ya salance da yawan sirki. Abin da ke ƙaruwa yayin da yake kisa, lalle hayayyafa yake yi. Sannan ya sirka ruwan ƙwarai ya shimfiɗa a faranti, ya ga yawan ɗigon yana raguwa daidai da yawan sirkin, ya gane cewa kowane ɗigo daga ƙwaya guda ya faro. Har yau da wannan hanya ake ƙirga su a ɗakunan gwaje-gwaje na duniya.

A watan Satumban 1917 aka gabatar da gajeriyar takardarsa a gaban Majalisar Masana Kimiyya ta Faransa. Ya kira halittar bakteriyofaj, ma'ana maci-bakteriya, ana taƙaitawa a ce faj. Abin da aka tabbatar daga baya shi ne, faj wani nau'in bairos ne da ba ruwansa da jikin mutum ko dabba. Yana manne wa bakteriya, ya tsarga mata ƙwayar gadonsa, ya mai da cikinta masana'antar ƙera 'ya'yansa, cikin abin da sau da yawa bai fi rabin sa'a ba ta fashe, gommai ko ɗaruruwa su fito su nemi wasu. Kowane faj da irin bakteriyar da yake ci. Na atuni ba ya taɓa ta kwalara. Kuma suna ko'ina, a ƙasa da kogi da kwata da hanjin mutum, har masana na ƙiyasin sun fi kowace halitta yawa a doron ƙasa.

Derel bai tsaya jinkiri ba. A farkon 1919 ya gwada faj a kan taifot ɗin kaji da ke share akurki a karkarar Faransa, ya ga garken da aka bai wa sun fi tsira. A bazarar shekarar ya nufi asibitin yara na Paris, inda Farfesa Victor-Henri Hutinel ya ce sai an tabbatar abin ba ya cutarwa. Derel ya ɗaga kwalba ya sha, likitocin wurin su ma suka sha, aka kwana lafiya, sannan aka bai wa wani yaro da atuni ya galabaitar. Yaron ya warke, wasu yaran suka biyo baya. A 1920 yana yankin Indocina, inda Biyetnam take a yau, yana gwaji a kan wata cuta mai kashe ɓaunar noma. A 1921 ya fitar da littafinsa na farko kan faj.

Daga nan rigima ta taso, kuma rabinta halinsa ne ya jawo. Jules Bordet na Beljiyam, wanda ya ci kyautar Nobel ta 1919, ya ce babu wata halitta a nan, wani sinadari ne bakteriyar ke fitarwa ta narkar da kanta. Mutanensa suka kuma tono wata takarda da wani Bature ɗan Ingila, Frederick Twort, ya buga a mujallar Lancet a 1915, inda ya bayyana abu mai kama da wannan, ko da yake yaƙi da rashin kuɗi sun hana shi bin sawu. Gaskiya Twort ya riga shi bugawa. Gaskiya kuma Derel ne ya fahimci abin ya gina ilimi a kansa. Amma maimakon ya amsa da lalama, sai ya dage cewa abin da Twort ya gani daban ne, ya yi ta musayar zafafan rubuce-rubuce fiye da shekara goma. Mutum ne mai kaifin harshe, wanda ba ya ganin girman farfesa don kujerarsa, su kuwa ba su manta cewa ba shi da digiri ba. Ya saɓa da Albert Calmette, mataimakin shugaban Cibiyar Pasteur, har zama ya gagara. Holan ce ta karɓe shi, Jami'ar Leiden ta ba shi digirin girmamawa, a 1925 kuma aka ba shi lambar Leeuwenhoek, wadda Louis Pasteur kansa ya taɓa samu.

A tsakiyar shekarun 1920 yana Iskandariyya, yana jagorantar binciken ƙwayoyin cuta a hukumar da ke tsare Masar daga annobar da jiragen ruwa ke kawowa. Babban aikin hukumar shi ne duba alhazan da ke dawowa daga Makka, waɗanda ake killacewa a zangon Ɗur da ke Sina'i don gudun kwalara. Alhazanmu na wancan zamani, masu bi ta Chadi da Sudan a ƙasa su ƙetare teku daga Sawakin, sun san irin wannan tsarewa. A 1925 ya samu mutum huɗu da suka kamu da annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa, ya yi musu allurar faj a cikin kaluluwar da ta kumbura, duk huɗun suka tashi. Labarin ya kai kunnen Turawan mulkin Indiya, suka gayyace shi.

A 1927 ya shiga ƙauyukan Punjab a tsakiyar annobar kwalara. Yana bai wa marasa lafiya faj su sha, yana kuma zuba shi a rijiyoyin gari. Alƙaluman da ya bayar sun girgiza duniya: cikin waɗanda suka sha, kimanin kashi 8 cikin 100 ne suka mutu, cikin waɗanda ba su sha ba kuwa, fiye da kashi 60. Bayan tafiyarsa wani likitan soja, John Morison, ya ci gaba da aikin a Assam shekara da shekaru, yana raba faj a gundumar Naogaon, inda mace-macen kwalara suka ragu ƙwarai idan aka gwada da Habiganj.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan ja linzami. Waɗanda ba su sha ba a Punjab, akasari waɗanda suka ƙi karɓa ne, ba a raba mutane biyu bisa ƙuri'a ba, don haka ba a san ko tun farko sun fi jin jiki ko sun makara ba. Derel ya yarda da gwaji mai tsauri a kan kaji da ɓauna, amma a kan mutane yana ganin zalunci ne a hana wani magani don a samu abin kwatance. Niyyar tana da kyau, sai dai ita ta bar maganinsa ba hujjar da za ta tsaya a gaban masu shakka. Da aka zo aka yi gwaji na ƙa'ida a Dhaka wajen 1970, faj bai kai maganin tetracycline ba a kan kwalara. Saboda haka a annoba irin ta 2021, wadda ta kama fiye da mutum 111,000 a Najeriya ta kashe sama da 3,600, har da mutanen Jihar Kebbi, abin da ke ceton rai bai sauya ba: ruwan gishiri da sukari, ƙarin ruwa a asibiti da wuri, da tsabtataccen ruwan sha.

Abu na biyu da ya kassara maganin shi ne kasuwa. Daga 1928 zuwa 1933 Derel farfesa ne a Jami'ar Yale ta Amurka, sunansa ya cika jaridu, kamfanoni a Turai da Amurka suka yi rububin cika kwalabe. Wasu suna zuba sinadarin hana lalacewa wanda ke kashe faj ɗin tun kafin ya bar masana'anta. Wasu suna tallar cewa yana maganin ƙaiƙayi da borin jini da cututtukan da ba bakteriya ke kawo su ba. Likitoci kuma suna bayarwa ba tare da sun gwada ko faj ɗin ya dace da ƙwayar da ke jikin majinyaci ba. Wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Jega ya ji mai lasifika yana lissafa cuta goma sha biyu da kwalba ɗaya ke warkarwa, ya san yadda irin wannan talla ke zubar da mutuncin magani ko da na gaskiya ne. Shi ma Derel yana da hannu a wani kamfani a Paris da surukinsa ke gudanarwa, wanda hakan ya ba abokan hamayyarsa abin faɗa. A 1934 Ƙungiyar Likitocin Amurka ta buga wani dogon nazari da ya ce hujjar amfanin faj ba ta gamsar ba, sai a cututtuka kaɗan.

Inda aka karɓe shi hannu bibbiyu shi ne Tarayyar Sobiyet. Wani masani ɗan Jojiya, Giorgi Eliava, wanda suka shaƙu tun a Cibiyar Pasteur, ya kafa cibiyar bincike a Tibilisi a 1923. Derel ya je can sau biyu tsakanin 1933 da 1935, ya kai kayan aiki, aka fara gina masa gida a harabar cibiyar, har ya sadaukar da wani littafinsa ga Stalin, abin da ke nuna cewa gwanin duba ƙwayar cuta ba lalle ya iya duba mai mulki ba. A 1937 jami'an Lavrenti Beria suka kama Eliava, aka kira shi maƙiyin al'umma, aka harbe shi. Derel bai sake taka ƙasar ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya same shi a Faransa, kuma da yake yana riƙe da takardun Kanada, aka yi masa ɗaurin talala a garin Vichy, yana tsoho ɗan kusan shekara 70. A 1940 wani Bajamushe, Helmut Ruska, ya ɗauki hoton faj da sabon madubin lantarki mai ƙara girman abu, aka ga ƙwayoyi ne masu siffa. Gardamar shekara 20 ta mutu, Derel ne da gaskiya. Sai dai gaskiyar ta zo a makare, domin a shekarun ne aka fara sarrafa penisilin da yawa. Ga magani mai kashe bakteriya iri-iri a tashi ɗaya, mai sauƙin aunawa da ajiya, wa zai tsaya neman faj ɗin da ya dace da kowane majinyaci? An sha gabatar da sunansa don kyautar Nobel, bai taɓa samu ba. Ciwon daji ya kashe shi a Paris ranar 22 ga Fabrairun 1949.

Bayansa aikin ya rabu gida biyu. A Amurka an daina magani da faj, amma aka mai da shi abin nazarin gado; da shi Alfred Hershey da Martha Chase suka nuna a 1952 cewa sinadarin DNA ne ke ɗauke da gadon halitta, kuma a 1969 Hershey da Max Delbruck da Salvador Luria suka karɓi Nobel a kan binciken faj. A Jojiya da Poland kuwa ba a taɓa dainawa ba. A Tibilisi ne ma, a 1963 zuwa 1964, aka yi irin gwajin da Derel ya ƙi yi: yara fiye da 30,000, na wannan gefen titi ana ba su ƙwayar faj, na wancan gefen ana ba su wadda ba komai a ciki. Atuni ya fi kama rukuni na biyu ninki uku da wani abu.

Abin da ya dawo da sunansa bakin likitoci shi ne bijirewar bakteriya ga magani. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai wannan matsala ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen, kimanin 27 cikin kowane mutum 100,000. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne a garuruwanmu: a sayi kafso uku a kemis ba takardar likita, a daina sha da zarar zazzaɓi ya sauka, a zuba wa kaji a ruwan sha, a yi tallarsa a tire cikin rana a tasha. A 2016 likitoci a San Diego suka ceto wani farfesa Ba'amurke da ya kwaso wata bakteriya a Masar wadda ta gagari duk maganin da ke hannunsu, ta hanyar yi masa allurar faj a jijiya, wasu daga ruwan kwata aka samo su. Asibitoci a Brussels da Lyon yanzu suna gwada shi a kan ciwon da ya ci ƙashi ya ƙi jin magani, irin wanda kan biyo bayan karayar da ta huda fata. Aliero, garin da ake kai masu karaya daga nesa saboda shaharar masu ɗorinsa, ba baƙon wannan ciwo ba ne.

Kada wani ya ji wannan ya ɗauka ruwan kwata magani ne. A cikinsa cutar take tare da mai cin ta, kuma raba su aikin masana ne. Amma da yake kowane faj da irin abincinsa, wanda aka haɗa a Tibilisi ba lalle ya ci bakteriyar da ke yawo a asibitin Jega ko Maiyama ba. Wanda zai ci ta, an fi sa ran samunsa a inda take zaune, a magudanan garin da kududdufansa da gulbin da ya ratsa ta Jega. Matakin farko na farautar, wato mataci da faranti da akwatin ɗumi da wutar da ba ta yankewa, bai fi ƙarfin ɗakin gwaji na jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 ba, kuma kwalejin kiwon lafiya ta Jega tana horar da irin ma'aikatan da za su tattaro samfuri daga majinyata. Mai wuyar yana gaba: tsarkake faj ɗin har ya cancanci shiga jini, karanta gadonsa don a tabbatar ba ya ɗauke da abin da zai ƙara wa bakteriya dafi, samun amincewar hukumar NAFDAC, da gwaji mai rukunin kwatance. Kuma bakteriya tana bijire wa faj kamar yadda take bijire wa kafso, shi ya sa a Tibilisi ba su taɓa barin haɗinsu yadda yake ba. Lokaci-lokaci sukan karɓo sababbin ƙwayoyi daga asibitoci su gwada, wanda ya daina ci su koma kogi su nemo madadinsa.